Sabbin shugabanni, tsohon koci: yadda ta kaya da Ten Hag a United

A watan Fabrairun 2024, attajirin Ingila Jim Ratcliffe ya sayi kusan kashi 28 cikin ɗari na Manchester United, aka damƙa masa ragamar harkokin ƙwallo, iyalan Glazer na Amurka kuma suka riƙe kaso mafi tsoka. Daga Old Trafford har gidajen kallon ƙwallo na Kano, magoya baya suka shiga tambayar makomar koci Erik ten Hag.

Sabbin shugabanni sukan zo da mutanensu, kocin da suka tarar kuwa ba zaɓinsu ba ne. Ga shi United ta ƙare kakar a matsayi na 8, mafi muni da ta taɓa yi a Firimiya zuwa lokacin. Sai kuma a watan Mayu ta doke Manchester City 2-1 ta ɗauki kofin FA. Kan magoya baya ya rabu: wasu na cewa a ƙara masa lokaci, wasu na cewa kofi ɗaya ba ya wanke kaka guda ta shan kashi.

Shugabannin suka yi ta jan ƙafa, daga bisani suka tsawaita kwantiraginsa zuwa 2026, suka sayo masa De Ligt da Zirkzee. Ranar 28 ga Oktoba suka kore shi, ƙungiyar tana ta 14.

Wannan jinkiri shi ya fi cutar da ƙungiyar. Sallamarsa da mataimakansa ta laƙume fam miliyan 10.4, Ruben Amorim da ya maye gurbinsa kuma ya gaji 'yan wasan da aka sayo don tsarin wani.