A rubuta wa kwamfuta wanda za ta karɓa

Gyaran kwamfuta nake yi a Maiyama. Akan kira ni Jega, akan kira ni Aliero, inda ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006, ke cika shagunan buga takardu. Mafi yawan matsalolin da ake kawo mini ta ramin USB suka shigo. Kowa ya zo da filashinsa sai a soka, kafin la'asar fayilolin mutane sun ɓace.

Ga abin da masu shago ba su cika sani ba: ana iya rubuta wa kwamfuta doka kan kowace na'ura da aka jona mata, kamar yadda maigida ke gaya wa maigadi wanda zai bari ya wuce zaure.

A Linux, manhajar da ke wannan aiki sunanta udev. Greg Kroah-Hartman ne ya fara ta a 2003. Kowace na'ura tana ɗauke da lambar kamfaninta da lambar samfurinta. Ka rubuta lsusb, sai su fito. Ta Huawei, misali, 12d1 ce. Da waɗannan lambobi ake rubuta layi guda a ɗan fayil cikin /etc/udev/rules.d: idan ka ga mai lamba kaza, ka ba shi suna kaza, ka bar wane kaɗai ya taɓa shi.

Amfaninsa ya fi fitowa a inda wuta ba ta zama. Wani shago a Jega yana da modem da kuma wayar da ke karanto bayanin inbatar sola. Duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfutar ta sake tashi, wanda ya riga farkawa shi ke karɓar sunan ttyUSB0, ɗayan ya koma baya, manhajar inbatar ta yi ta kiran wanda ba shi ba. Na ba wayar inbatar suna na dindindin, rigimar ta mutu.

A Windows Pro kuwa, cikin Group Policy ake hana filashi aiki gaba ɗaya.

Kada a raina lamarin. Stuxnet, muguwar manhajar da aka gano a 2010, ta filashi take yaɗuwa, kuma ta lalata injunan tace yuraniyom a Natanz ta Iran. A shagunanmu, kundin digirin ɗalibi ne ke cikin haɗari. Shi ya sa nake roƙon masu shago su ware kwamfuta ɗaya don filashin baƙi, su rufe ramin sauran da doka.