Yadda kalma ɗaya ta fita daga mujalla ta zama manufar ƙasa

A watan Yulin 1947 mujallar Foreign Affairs, wadda ake bugawa a birnin Niyok tun 1922, ta fitar da wata maƙala a kan halayyar Tarayyar Sobiyet. Harafin X kaɗai aka sa a gurbin sunan marubucin, domin ma'aikacin gwamnati ne. Ba a jima ba aka gano George Kennan ne, jami'in diflomasiyyar Amurka da ya yi aiki a Mosko. Shawararsa ita ce Amurka ta yi haƙuri, ta dage wajen hana ikon Sobiyet yaɗuwa. Kalmar Ingilishi da ya ɗora shawarar a kanta, containment, ta zama sunan manufar Amurka har ƙarshen yaƙin cacar baka.

Irin waɗannan mujallu masu karatunsu kaɗan ne, amma cikinsu akwai ministoci da jakadu da ƴan jarida. Haka International Affairs ta Landan take, haka ma Politique étrangère da aka kafa a Paris a 1936. Kalmar da ta samu karɓuwa a shafukansu takan shiga jawaban shugabanni, daga nan ta isa gidajen rediyo.

A wannan tafiya ma'ana takan sauya. Kennan da kansa ya koka daga baya cewa an fahimci kalmarsa a matsayin aikin soja, alhali matakan siyasa ya fi nufi. Faransawa kuwa suka fassara ta da endiguement, wato gina madatsa, sai abokin gaba ya koma tamkar ambaliya. Haka kuma maƙalar Samuel Huntington ta 1993 a kan arangamar wayewar al'ummomi ta fito a Foreign Affairs da alamar tambaya a takenta, amma littafin da ya biyo baya a 1996 ya zubar da alamar.

Mai fassara zuwa Hausa yana fuskantar wannan zaɓi. Idan ya ce killacewa, ya tuna wa mai sauraro dabba a garke ko majinyaci. Idan ya ce datsewa, ya bi sawun Faransanci. Kafin ya zaɓa, wajibi ne ya koma ga maƙalar asali ya ga abin da marubucin ya nufa.