Darar Ƙasashen Duniya

In rana ta yi sanyi a Sabon Gari na Gusau, akan ga dattawa zaune a gindin itace suna dara. Sukan tona gurabu 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Wanda ya jera uku, ya ci ɗa guda na abokin wasansa.

To, akwai wata irin dara kuma, ana ce da ita Ces, asalinta daga ƙasar Indiya. Allonta yana da gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. A cikinsu akwai sarki, da sarauniya, da dawaki biyu, da hasumiya biyu. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Ƙasashen duniya sukan taru su kara a wannan dara. An fara wannan gasa a birnin Landan cikin 1927. Kowace ƙasa takan zaunar da mutum huɗu, kowa da allonsa. Wanda ya ci ya sami maki ɗaya, in an yi kunnen doki a raba makin biyu. Sa'an nan a haɗa na mutum huɗun nan, a ga ƙasar da ta rinjaya.

Cikin watan Satumba na 2024 aka taru a birnin Budafes, inda Indiya ta gamu da ƙasar Sin. Alluna uku suka tashi kunnen doki, saura guda. A kansa wani saurayi ne ɗan Indiya mai shekara 18, sunansa Gukesh, yana karawa da Wei Yi. Gukesh yana da dawaki biyu, Wei Yi yana da hasumiya. Suka fi awa biyar zaune. Gukesh bai yi garaje ba, ya yi ta lallaɓawa har Wei Yi ya sallama. Indiya ta tashi da maki biyu da rabi, Sin ɗaya da rabi. Da aka ƙare gasar, Indiya ce ta zo ta ɗaya.

Amma fa da ɗaya daga cikin 'yan'uwansa uku ya fāɗi, da cin Gukesh bai ba su rinjaye ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.