Hiraƙlu Sarkin Rum da Abin da ke Jikin Dinarinsa

Duk wanda ya saba zuwa ɗaurin aure a Hanwa ko Tudun Wada ya san ba a rasa mai tambayar malam nawa ne rubu'in dinari a wannan wata. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗalibai ke ɗauka a zaurukan malaman Zariya, ya sanya rubu'in dinari a matsayin mafi ƙarancin sadaki. Nisabin zakkar zinariya dinari 20 ne, diyyar rai kuwa dinari 1,000. Kullum dinari yana bakinmu, amma kaɗan ne suka taɓa ganin kamanninsa, balle su san wanda ya buga shi.

A zamanin Manzon Allah (SAW) Larabawa ba su da kuɗin zinariya na kansu. Malamin tarihi al-Balazuri ya faɗa a littafinsa Futuhul Buldan cewa dinaren Hiraƙlu ne suke shigowa Makka tare da dirhamin Farisa, kuma mutanen Makka auna su suke yi a ma'auni, nauyin ƙarfen suke dubawa. Ayarin Ƙuraishawa da ke zuwa Sham shi yake dawowa da dinaren. Wato dinarin da aka biya sadaki da zakka da shi a Madina kuɗin sarkin Rum ne, da fuskar sarki a gaba da gicciye a baya.

Hiraƙlu ba baƙo ba ne ga ɗalibin ilimi. Shi ne wanda Dihyatul Kalbi ya kai wa wasiƙar Annabi (SAW), shi ne kuma ya tsare Abu Sufyan da tambayoyi a dogon hadisin nan na farkon Sahihul Bukhari. Ya yi mulki daga 610 zuwa 641. Fadarsa tana Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, birnin da sarki Kustantin ya mayar cibiyar daula a shekara ta 330. Shi Kustantin ɗin ne ya fara buga wannan kuɗi na zinariya da suke kira solidus. Nauyinsa kusan giram 4.5 ne, faɗinsa kamar santimita 2, zinariyarsa kusan tsantsa, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ba a rage masa nauyi ba. Abin da ya sa 'yan kasuwa daga Masar har Yaman suka amince da shi ke nan.

A wancan zamani babu rediyo babu jarida, kuma mafi yawan talakawa za su mutu ba su taɓa ganin sarki ba. Kuɗi shi ne mai shelar fada. Yana shiga hannun soja ranar albashi, ya wuce wurin mai gidan haya, ya koma hannun mai karɓar haraji, kowa ya riƙe shi sai ya ga abin da sarki ke so a gani. Saboda haka babu ɗigo ɗaya a jikinsa da aka sa don ado kawai.

Hiraƙlu ya fara magana ta bakin kuɗi tun kafin ya hau gado. Mahaifinsa, shi ma Hiraƙlu, shi ne gwamnan Rum a Arewacin Afirka, yana zaune a Kartaj cikin ƙasar Tunisiya ta yau. A 608 uba da ɗa suka yi wa sarki Fokas tawaye, suka shiga buga kuɗi da hotonsu su biyu. Sai dai sun yi taka-tsantsan. Ba su kira kansu sarakuna ba, tufafi da laƙabin wani tsohon muƙami na Rumawa da ake kira konsul suka ɗauka, don a ce gyara suka zo yi, ba ƙwacen sarauta ba. A Oktoban 610 ɗan ya isa Kustantiniya da jiragen ruwa, aka kashe Fokas, aka naɗa shi. Wannan ita ce shekarar da masu tarihi ke sanya farkon saukar wahayi a Makka.

Dinarinsa na farko yana nuna shi shi kaɗai, yana fuskantar mai kallo, da ɗan gajeren gemu, kambi mai gicciye a ka, wani gicciyen a hannu. Idan ka juya bayan, za ka ga gicciye a tsaye bisa matakala uku. A kewaye an rubuta da Latin cewa nasara ta sarki ce, a ƙasa kuma haruffa biyar, CONOB, masu nufin tataccen zinare bisa ma'aunin Kustantiniya. Wannan zane na gicciye da matakala ba shi ya ƙirƙiro ba, ya gaje shi daga sarki Tibariyus na Biyu wanda ya yi mulki daga 578 zuwa 582.

A 613 ya naɗa ɗansa Hiraƙlu Kustantin abokin sarauta, yaron yana jariri, ko shekara ɗaya bai cika ba. Nan da nan dinari ya sauya. Uba a gefe guda da babbar fuska, ɗan ƙaramin yaro a gefensa da nasa kambin, gicciye a tsakanin kawunansu. Abin sha'awa shi ne yadda masu sassaƙa hatimin suka riƙa ƙara wa yaron girma da wucewar shekaru, har ya kusa kamo ubansa. Mutumin da ya samu sarauta da takobi ya san wani ma zai iya samunta haka. A ganina babu abin da ya dami Hiraƙlu tsawon mulkinsa kamar maganar magaji, kuma kuɗinsa ne babban shaida.

A daidai lokacin daular tana neman rushewa. Rundunar Kisra na Biyu, sarkin Farisa, ta ci Ƙudus a 614, ta kwashe itacen da Kiristoci suka yi imani shi ne ainihin gicciye. Zuwa 619 Iskandariya ta faɗa hannunsu, alkamar Masar da ke ciyar da babban birni ta yanke. Wannan kayen ne Suratur Rum ta ambata, tare da bushara cewa Rumawa za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru.

Baitulmali ya bushe, kuma ana iya ganin bushewar a jikin kuɗi. A 615 Hiraƙlu ya fito da sabon kuɗin azurfa mai nauyin giram 6 da rabi, ya riƙa biyan ma'aikata da shi bayan ya rage musu albashi zuwa rabi. A inda aka saba rubuta kirarin nasara, wannan karon addu'a aka rubuta: Allah ka taimaki Rumawa. Daular da ta yi ƙarnuka tana cika baki a jikin kuɗinta ta koma roƙo a bainar jama'a, kuma ni ban san wani rubutu na kuɗi da ya fi wannan bayyana halin da mutane ke ciki ba. A 622, shekarar Hijira, shugaban cocin Kustantiniya Sarjiyus ya yarda a narkar da fitilu da kwanonin zinariya da azurfa na majami'u a buga kuɗin yaƙi da su. Kuɗin tagulla kuwa, na sayen burodi da mai, ko sabon ƙarfe ba a nema masa. Tsofaffin sulalla ake ɗaukowa a sake bugawa a kansu cikin gaggawa, har yau masu bincike suna ganin fuskar tsohon sarki tana leƙowa daga ƙarƙashin ta Hiraƙlu.

Da wannan kuɗi ya fita yaƙi da kansa. A Disambar 627 ya karya rundunar Farisa kusa da Ninawa, wajen Mosul ta yau. A farkon 628 ɗan Kisra ya tuɓe ubansa, aka kashe shi, aka yi sulhu, daga baya Hiraƙlu ya mayar da itacen gicciye Ƙudus da hannunsa.

Daga 629 fuskar da ke kan dinari ta zama wata daban. Gemu ya sauko har ƙirji, gashin baki ya miƙe hagu da dama, ɗan kuma ya fito da nasa gajeren gemun. A kuɗin tagulla na wannan lokaci sarki yana tsaye cikin kayan yaƙi, riƙe da dogon gicciye. Ina ganin so yake a daina kallonsa a matsayin saurayin da ya ƙwaci mulki, a gan shi dattijon da ya ceto daula.

Sauyi na ƙarshe ya zo a 632, kuma rikicin cikin gida ne ya kawo shi. Bayan rasuwar matarsa ta fari, Hiraƙlu ya auri Martina, ɗiyar 'yar'uwarsa, auren da coci ta ƙi, jama'a ma suka ƙyamata. Duk da haka ya sa hotonta a kuɗin tagulla na tsawon shekaru. Yanzu kuma yana so ɗanta Hiraƙlonas ya samu rabo a gado. Sai dinari ya fito da mutum uku a tsaye cikin alkyabba, kowa riƙe da dunƙulen duniya mai gicciye a kai, babu rubutu ko ɗaya a wannan fuskar. Uba a tsakiya, babban ɗa a gefe, ɗan Martina a ɗaya gefen. Da farko an yi yaron ƙarami kuma babu kambi a kansa, sai da aka naɗa shi a 638 ya fito da cikakken kambi irin na yayansa. Hoton haɗin kai aka nuna wa duniya, amma gidan bai haɗu ba. Hiraƙlu ya mutu a Fabrairun 641, bayan ya ga Musulmi sun ci rundunarsa a Yarmuk a 636 sun karɓe Sham. Babban ɗan ya bi shi cikin 'yan watanni. Kafin shekarar ta ƙare an tuɓe Hiraƙlonas an yanke masa hanci, an yanke wa Martina harshe, an kore su daga birni.

Dinarin nan mai mutum uku ya fi mai shi tsawon kwana. Musulmi sun ci gaba da ciniki da shi shekaru da dama, kamar yadda suka ci gaba da amfani da dirhamin Kisra mai hoton wutar Majusawa, sai dai a ƙara Bismillah a gefe. Sauya kuɗin da kasuwa ta saba da shi ba abin wasa ba ne. Wani littafin tarihi na Kiristocin Sham ya ruwaito cewa Mu'awiya ya buga kuɗi babu gicciye, mutane suka ƙi karɓa.

Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki a Dimashƙ daga 685 zuwa 705, shi ya warware lamarin, kuma bi da bi ya yi. An fara kwaikwayon mutum ukun nan na Hiraƙlu, amma aka cire gicciye daga kambi da hannuwansu, na bisa matakala kuma ya koma sanda, aka kewaye shi da kalmar shahada da Larabci. Daga shekara ta 74 bayan Hijira aka sa hoton halifa a tsaye, hannunsa a kan takobi. A wajen wannan lokaci ne sarkin Rum Jastiniyan na Biyu ya sa hoton da suke nufin Annabi Isa (AS) da shi a fuskar dinarinsa, daulolin biyu suna amsa wa juna ta jikin zinariya. A shekara ta 77, wato 696 zuwa 697, Abdulmalik ya kawar da hoto gaba ɗaya. Sabon dinari rubutu ne zalla: kalmar tauhidi, wani sashe na Suratul Ikhlas, aya daga Suratut Tauba, da shekarar bugawa. Ko sunan halifa babu. Nauyinsa giram 4.25, kuma da shi malaman yau suke lissafi: dinari 20 ya zama giram 85, rubu'in dinari kuma giram ɗaya da 'yan kai. Farashin wannan zinariya a kasuwa shi ne adadin nairar da ake sanarwa.

A ƙasar Zazzau kakanninmu da wuri suka yi ciniki, wanda ba ya ɗauke da fuskar kowa, zinariya kuwa da miskali ake auna ta. Kuɗi mai sunan sarki Turawa suka yaɗa shi bayan sun ci Zariya a 1902. Anini da kwabo masu huji sun fito a 1907, da sunan Sarki Edward na Bakwai da kambinsa amma babu fuskarsa, an rubuta darajar kuɗin da haruffan Larabci, a baya kuma tauraro mai tsini shida. Sulen azurfa na 1913 shi ya zo da kan Sarki George na Biyar da bishiyar kwakwar manja. Da naira ta shigo a Janairun 1973 sai tambarin ƙasa ya maye gurbin kan Sarauniyar Ingila, aka sa auduga a rabin kwabo, dalar gyaɗa a kwabo 25. Manomin Zazzau da ke kai auduga injin gurza ya ga guminsa a jikin kuɗi. Ɗan ƙasa na farko da fuskarsa ta hau takardar naira shi ne Janar Murtala Muhammed, a naira 20 ta 1977, shekara guda bayan kashe shi.

Wanda ya bi labarin Hiraƙlu ba zai yi mamakin zafin muhawarar ajami ba. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire shi daga naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 ya cire shi daga naira 100. Masu neman a ƙarasa cire shi suna ɗaukarsa alamar addini, alhali babu aya babu addu'a a cikinsa, Hausa ce zalla ke faɗin darajar takardar. Ni ina goyon bayan a bar shi, domin akwai tsofaffi da yawa a kasuwar Tudun Wada waɗanda karatunsu na allo ne, kuma wannan layi kaɗai suke iya karantawa a jikin kuɗin ƙasarsu. Yanzu ya rage a naira 200, 500 da 1,000, kuma sauyin launi da aka yi wa waɗannan takardu uku a ƙarshen 2022 bai taɓa shi ba.