Waƙoƙin Tsoratarwa da Karatun Yara a Gida: Gadon da Ƙasar Ƙonni Take Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake fasalin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, mafi yawan muhawarar da ake yi ta tsaya ne a kan takardun ofis da jawaban hukuma, kamar dai darajar harshe daga teburin ma'aikaci take farawa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa ɗan firamare a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela yakan daɗe yana zaman gida, domin annobar korona ta rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yunin 2020, ambaliyar 2024 ta sa an ɗage komawa aji daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, rashin tsaro kuma ya rufe ɗaruruwan makarantu a ƙasar, galibinsu a jihar Tilaberi, har da wasu a jihar Tawa. A irin wannan zama, abin da ake rera wa yaro a tsakar gida shi ne karatunsa, kuma a nan ne za a gane ko sabon matsayin Hausa yana da amfani.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda wasu iyaye suke koyar da 'ya'yansu a gida don raɗin kansu, akwai masu sanya musu waƙoƙin da ake kira gotik, wato adabin da ya ginu a kan kufai da maƙabarta da duhun dare da fatalwa, wanda ya samo sunansa daga tsarin ginin tsofaffin majami'un Turai. Masana sukan danganta farkonsa da littafin da Horace Walpole ya wallafa a Ingila a 1764, sannan waƙar da Edgar Allan Poe ya fitar a Amurka a 1845, game da hankakan da ya ziyarci wani mai makoki da tsakar dare, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a cikinsa. Hujjar masu koyar da shi ita ce, yaron da ya samu kalmomin da zai ambaci tsoronsa da su ya fi iya riƙe kansa a kan wanda aka bari da tsoro marar suna.

Bahaushe ba ya bukatar aron wannan daga ko'ina, domin yana da waƙoƙin wa'azi, waɗanda malamai suka rubuta da ajami, wato Hausa da haruffan Larabci, suna siffanta magagin mutuwa da kaɗaicin kabari da tambayar Munkar da Nakir da siraɗi da mizani. Abin takaici shi ne, mutanen wannan yanki sukan ɗauki waɗannan waƙoƙi a matsayin kayan Sakkwato, alhali kuwa saiwarsu tana ƙarƙashin ƙafarsu. A Ƙonni ne Toronkawa, kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suka zauna tsawon zamani bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma a Maratta, kusa da Galmi ta gundumar Malbaza, aka haifi Shehun a 1754, kafin iyalinsa su koma Degel. Shi da almajiransa ne suka mayar da waƙa makamin karantarwa, suna tsara ta da Fulatanci da Hausa saboda manomi da makiyayi da matar aure waɗanda ba su jin Larabci, kuma daga wannan gida ne waƙoƙi irin su Tabban Haƙiƙa da Baƙin Mari da Jan Mari suka bazu cikin ƙasar Hausa.

Wanda ya yi nazarin rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, zai ga cewa karatun gida da waƙa tsari ne da aka gwada aka ga amfaninsa. Ita ce ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda take zaɓar dattijuwa mai mutunci daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar shugabanci, ta koya mata waƙoƙi, jajin kuma ta koma ta koyar da mata a gidajensu, su kuma su rera a gaban 'ya'yansu yayin daka da kaɗi. Babu aji, babu benci, babu albashi, amma ilimin ya kai ƙauyukan da malami bai taɓa takawa ba. Tsakanin Ƙonni da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, kuma iyakar da Turawa suka shata daga baya ba ta raba wannan gado biyu ba, sai dai ta sa ɓangare guda ya manta cewa nasa ne.

Akwai bambanci guda mai muhimmanci tsakanin waƙar gotik da waƙar wa'azi, wanda duk mai koyar da yaro ya kamata ya sani. Ta farko takan bar mai sauraro a cikin duhu domin ɗanɗanon tsoron kansa, ta biyu kuwa ta ginu ne a kan tsoratarwa da kwaɗaitarwa, wato duk inda aka ambaci azaba sai an biyo da rahama, duk inda aka siffanta wuta sai an siffanta aljanna. Iyayen da suke yanke rabin farko su jefa wa yaro don ya yi shiru, ko ya daina fitsarin kwance, sun ɓata waƙar kuma sun cuci yaron. Haka nan waƙar tana ɗauke da darasin harshe, domin a cikinta yaro yake fara jin ɗango, wato layi guda, da baiti, wato rukunin ɗangaye, da ƙafiya, wato amon da ƙarshen baitoci suke tarayya a kansa, da kari, wato awon gaɓoɓi dogaye da gajeru da ke sa waƙa ta zauna a kunne.

Koyarwar tana bukatar mataki-mataki. Yaran azuzuwan farko, masu shekara bakwai zuwa takwas, tatsuniya ta ishe su, domin Dodo da kura da 'yan waƙoƙin da ke cikin labarin suna ba su tsoro daidai ƙarfinsu, kuma tatsuniya takan ƙare da kuɓutar marainiya da kunyar azzalumi. Waɗanda suka kai shekara goma zuwa goma sha biyu za a iya zaɓar musu baitoci uku ko huɗu masu magana a kan ƙarewar duniya da haƙƙin maƙwabci da sakamakon tauye mudu, a rera musu da rana, a yi musu fashin baƙin tsofaffin kalmomi, su rubuta da boko da ajami, sannan a nemi kowa ya tsara baiti guda nasa a kan abin da yake ba shi tsoro. Yaron da ya gudo daga garin da aka kai wa hari, ko wanda ya yi rashi kwanan nan, a fara masa da baitocin rahama, a jinkirta sauran.

Ƙonni tana da nata kufan da bai kamata a ɓoye wa manyan yara ba. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa birnin, ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, kuma har yau dattawa suna riƙe da labarin daga bakin kakanninsu. Al'ummar da ta ga irin wannan rana tana da haƙƙin ta koya wa 'ya'yanta yadda ake zuba baƙin ciki a cikin baiti, kuma duk dattijon da ya rasu ba a naɗi muryarsa ba ya tafi da wani yanki na wannan tarihi.

Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan gida a aji, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, amma uwar da ke Dogarawa ko Tsarnawa ba ta da ko ɗan littafi guda na zaɓaɓɓun baitoci da za ta karanta wa ɗanta. Wannan sakaci ne, kuma ya isa haka. Wajibi ne hukumomin ilimi na jihar Tawa su haɗa malaman zaure da malaman boko su tace baitocin da suka dace da kowane aji, a buga su da rubutu biyu a farashin da talaka zai iya, gidajen rediyon karkara su riƙa rera su, fadar Sarkin Ƙonni da ta Sarkin Adar a Illela su sa a tattara abin da ya rage a gafakar tsofaffi kafin gara ta cinye. Su kuma iyaye kada su jira takardar hukuma, domin Nana Asma'u ba ta jira an gina mata aji ba kafin ta aika jajinta na farko ƙauye.