TSOHUWAR KWAMFUTA, SABON TSARI: SAI DA TAFINTA

Ran 14 ga watan oktoba na shekara ta 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, wato tsarin da ke tafi da aikin kwamfutoci masu yawa cikin ma'aikatu da lakkol. Magajinsa Windows 11, wanda ya fito cikin 2021, ba shi zama sai cikin injin da ke da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na gwanjo ba su cika wanga sharaɗi ba. Mai irinsu, ko shi sayi sabuwa, ko shi zauna da tsarin da ba shi da mai gadi, ko kuwa shi sake tsari.

Masu sake tsari galibi Linux suke nufa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ne ya fara shi cikin 1991, kuma kyauta ake samunsa. Shina da iri-iri, kamar Debian, da Ubuntu wanda ya fito cikin 2004. Amma sau da yawa mutum shi kan gama zuba sabon tsari, sa'annan shi tarar Wi-Fi ba ta kamawa, ko murya ta ɗauke, ko batir na ƙarewa da wuri.

Ga dalili. Kwamfuta taron kayayyaki ce daga kamfanoni dabam-dabam: wanga ya ƙera mai kama Wi-Fi, wancan ya ƙera mai fidda hoto bisa allo. Kowanensu da harshensa. Don tsari shi yi magana da su, sai da wani ƙaramin shiri a tsakani, wanda Faransawa ke kira pilote. Aikinsa aikin tafinta ne. In babu tafinta, kayan na nan lafiya lau, amma ba su jin umurni.

Masu ƙera kayan sukan rubuta tafinta domin Windows, don nan kasuwa take. Wasu kuma sukan ɓoye asirin kayansu, har masu aikin Linux su dinga lalube. Kamfanin Broadcom bai buɗe tafintan wasu kayansa na Wi-Fi ba sai cikin 2010. Nvidia, mai ƙera kayan hoto, ya daɗe shina riƙe da nasa, har Torvalds ya soke shi bainar jama'a cikin 2012. Sai 2022 ya buɗe wani sashe, shi ma domin sababbin kayansa. Su ma masu Debian sun sassauta: tun daga Debian 12, cikin 2023, suna haɗa irin waɗannan shirye-shirye na rufe cikin abin da ake zuba tsarin da shi.

Akwai kuma cikas tun bakin ƙofa. Daga zamanin Windows 8, cikin 2012, kwamfutoci na zuwa da wani makulli mai suna Secure Boot, wanda ba shi barin tsarin da ba shi da sa hannu shi tashi. Manyan irin Linux sun samu sa hannun, ƙanana da yawa ba su da shi. Wani lokaci kuma faifan ajiya ne ba shi bayyana, sai an juya shi daga RST zuwa AHCI cikin saitin injin.

To, ina dabara? Da farko a kwashe takardun aiki duka a ajiye wani wuri, domin zuba sabon tsari na iya share su. Na biyu, a sa Linux cikin ƴar USB a tada injin da ita. Ta haka ana gwada Wi-Fi, da murya, da kamara, da injin buga takarda, ba tare da an taɓa kome ba. Na ukku, a tanadi wayar intanet ko tarho, don in Wi-Fi ta ƙi, a samu hanyar ɗauko tafintanta.

Shugabannin ma'aikatu su lura: kamin a sayo injuna, a binciki ko suna tafiya da Linux. Dell da Lenovo na saida waɗansu da Ubuntu a cikinsu. Rigakafi ya fi magani, kuma injin da aka gwada kamin a saye shi ya fi daɗewa shina yi wa ƙasa aiki.