Majalisar bayan aji ma tana iya zama wurin karatu

Duk malamin da ya taɓa shiga aji biyu na babbar sakandare bayan an dawo daga tara ya san yadda ake: na gaba suna kwafar allo, na tsakiya suna gyangyaɗi, na baya kuwa sun buɗe tasu majalisar. "Ku yi mana shiru!" ba ta yin minti biyar. Matashi ya fi damuwa da abin da sa'o'insa za su ce da shi fiye da faɗan malam, kuma yaƙi da wannan hali ɓata lokaci ne.

Masanin halayyar ɗan Adam Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka, shi da abokan aikinsa, sun sa matasa wasan tuƙin mota a kwamfuta. Da zarar yaro ya san abokansa na kallo, sai ya riƙa keta danja, sashen ƙwaƙwalwarsa mai jin daɗin lada ya ƙara motsi. Manya ko a jikinsu. Idon abokai ke nan, yana ingiza yaro ga ganganci, yana kuma iya ingiza shi ga littafi in an san yadda za a ɗaura.

A 1971, wani masani, Elliot Aronson, ya gwada haka a garin Austin na jihar Texas, lokacin da aka haɗa 'ya'yan farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya, faɗa ya ƙi ƙarewa. Sai ya kasa yara biyar-biyar ko shida-shida, ya yanka darasi gida-gida, kowa ya riƙe nasa yanki. Masu yanki iri ɗaya su keɓe su naƙalce shi, sannan kowa ya koma ya koya wa 'yan rukuninsa. Jarrabawa kuma a kan darasin gaba ɗaya take. Wanda ka saba yi wa dariya yanzu shi ke riƙe da amsar da kake nema, dole ka kasa kunne. Da 'yan firamare aka fara, daga baya dabarar ta shiga sakandare.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya gardi ke biya wa ƙolo karatu, kuma da biyawar tasa haddar ke ƙara zama.

Sai dai akwai aikin rukuni na ƙarya: malam ya ce a kasu, ya tafi ofis, haziƙi ɗaya ya rubuta, saura su jera sunaye. Malamin da aji ya yi masa yawa, benci kuma ba ya motsuwa, ya ɗauki hanyar Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard. A jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Wanda ya gane abu yanzu-yanzu bai manta inda ya maƙale ba, malam kuwa ya daɗe da mantawa.

A shirya wa ƙorafi. Wani bincike na 2019 a Harvard ya nuna ɗaliban da aka sa aiki da kansu sun fi cin gwaji, amma a ganinsu sun fi ƙaruwa da lacca. Don haka malam zai ji ana cewa "ba ya koyarwa, mu yake bar wa aikin". Ya kamata tun ranar farko ya bayyana musu dalili, shugaban makaranta da iyaye ma su sani.